Zaɓen Jami'a Bayan Bak: Wace Makaranta Ce Ta Dace da Ɗalibin Madarunfa?

Zaɓen makarantar da ɗalibi zai shiga bayan jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare, yana cikin manyan shawarwarin da gida ke yankewa. A Nijar, waɗanda ke cin wannan jarrabawa a yawancin shekarun nan ba sa wuce kashi ɗaya cikin uku na masu zama. Duk yaron da ya haye, iyayensa sun yi aƙalla shekara 13 suna ɗawainiya da shi tun daga ajin farko na firamare. Idan aka kai shi inda bai dace da shi ba, asarar takan shafi gida baki ɗaya: gonar da aka jinginar, da bisashen da aka sayar, da ƙannen da ke jiran a zo kansu.

Gundumar Madarunfa tana da matsayi na daban a wannan sha'ani. Garin yana kimanin kilomita 20 kudu da Maraɗi, a bakin tafkin da ya yi suna da kaburburan waliyyai. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, kuma ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da 400,000. Ta arewa akwai jami'ar gwamnati da makarantu masu zaman kansu a Maraɗi. Ta kudu, in an bi Ɗan Isa da Jibiya, sai Katsina da jami'o'inta. Ɗalibin wannan yanki yana tsakanin tsarin karatu biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Ingilishi, da kuɗi iri biyu, sefa da naira.

Yawancin gidaje kan fara da tambayar makarantar da ta fi suna. Tambayar da ta fi amfani ita ce wace makaranta ta dace da wannan yaro, da rukunin Bak ɗinsa, da ƙarfin gidansu, da aikin da yake hanƙoro. Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki.

Ƙaramar jami'a da abin da ya bambanta ta

Misalin da zai taimaka wajen auna wannan dacewa yana Amurka, inda akwai wani nau'in jami'a da aka ƙanƙanta da gangan. Williams, wadda aka kafa a 1793, da Amherst ta 1821, da Swarthmore ta 1864, kowace ɗalibanta ba sa nisa da 2,000. Yawancin aikinsu digiri na farko ne, na shekara 4. Ɗalibi yakan shafe shekara ɗaya ko biyu yana ɗanɗana tarihi, lissafi, adabi, kimiyya da falsafa kafin ya tsayar da fannin da zai ƙware a kai. Ajujuwa ƙanana ne, manyan malamai da kansu ke koyar da sababbin shiga, kuma kusan kowa a cikin makaranta yake kwana. Tushen wannan tsari yana komawa ga fannoni bakwai da jami'o'in Turai na dā suke farawa da su: nahawu, balaga, manɗiƙi, lissafi, handasa, ilimin kiɗa da ilimin taurari.

Tsarin ya iso Afirka ta Yamma. Patrick Awuah, ɗan Ghana da ya yi karatu a Swarthmore ya kuma yi aiki a kamfanin Microsoft, ya buɗe jami'ar Ashesi a Accra a 2002 da ɗalibai 30, daga baya ta koma mazauninta na dindindin a Berekuso a 2011. A Yola, Jami'ar Amurka ta Najeriya da Atiku Abubakar ya kafa ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005. A Yamai kuma, Kader Kaneye da Meredith Segal sun buɗe jami'ar A.D.U. a 2017 bisa irin wannan manufa.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin amfanin karatu kusa da malami. A makarantar zaure, ɗalibi yakan buɗe littafinsa a gaban malam ya biya, malam ya gyara masa, ya kuma san inda ya tsaya jiya. In ya sauke nahawu a wurin wannan, sai ya nemi wanda ya shahara a fiƙihu ko tafsiri ko hisabi, ko da a wani gari yake. Katsina, wadda sarakunanta suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, ta fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, da Muhammad al-Katsinawi, masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu neman ilimi na wancan zamani malami suke bi, ba gini ba.

Abubuwa uku ne suka haɗa zauren dā da ƙaramar jami'a ta yau: malami ya san ɗalibinsa da sunansa da rauninsa, a shimfiɗa tushe mai faɗi kafin ƙwarewa, kuma ɗalibi ya iya karatu da rubutu da kafa hujja da kansa. Ana iya auna kowace makaranta da su, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, a Maraɗi take ko a Katsina.

Yadda tsarin Nijar yake

Karatun gaba da sakandare a Nijar yana bin tsarin LMD, kamar sauran ƙasashen ƙungiyar UEMOA: shekara 3 don lisans, wato digiri na farko, 2 don masta, 3 don dokta. Akwai kuma gajerun hanyoyi na sana'a, irin su BTS da DUT, da ke ɗaukar shekara 2. Karatun likitanci yana cin shekara 7 ko fiye.

A wannan tsari ɗalibi yana shiga fanninsa ne tun ranar farko. Wanda ya yi rajista a sashen shari'a, shari'a zai karanta. In ya gane bayan wata shida cewa zuciyarsa na wajen tattalin arziki, sau da yawa sai ya sake farawa, shekara ta tafi. Hasali ma zaɓin yakan fara tun bayan jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba yara zuwa ɓangaren adabi ko na kimiyya. Mai Bak rukunin A ya fi samun ƙofa a harsuna, tarihi, shari'a, aikin jarida da koyarwa. Rukunin D yana kai wa ga likitanci, noma da ilimin halittu. Rukunin C yana buɗe lissafi, kimiyyar fizik da injiniyanci, su kuma rukunonin F da G na makarantun fasaha ne da na harkar kasuwanci da akanta. Tun da damar ɗanɗana fannoni ba ta da yawa bayan an shiga, binciken da ɗalibin Amherst ke yi a cikin makaranta, ɗalibin Madarunfa sai ya yi shi tun yana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare.

Jami'o'in gwamnati

Jami'ar Yamai ce uwa. Ta fara a matsayin cibiyar karatu mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, sannan a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin fizik da ya yi fice a binciken makamashin hasken rana. Ita ce ta fi yawan fannoni da manyan malamai, ita ce kuma ta fi cunkoso. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600.

A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, a kan cibiyoyin fasaha na IUT da suka riga su. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyyar haɗa sinadarai ɗan garin, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi a farkon shekarun 1970, ya kuma jagoranci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Ƙarfinta yana wajen kimiyya da fasaha, noma da muhalli, kiwon lafiya, da injiniyancin gine-gine, lantarki da na'urori. Ta Tawa, mai sunan masanin tarihi Djibo Hamani, an san ta da shari'a, tattalin arziki da gudanarwa. Ta Damagaram, mai sunan André Salifou wanda ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, tana da tsangayar adabi da nazarin zamantakewa da ta kiwon lafiya, kuma nisanta daga Maraɗi kimanin kilomita 240 ne.

A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, kowace da fannin da ya dace da yankinta: ma'adinai da makamashi a Agadas, muhalli a Difa, fasahar sadarwa a Doso, noma da abinci a Tilaberi. Waɗannan su ne ƙananan jami'o'in Nijar na haƙiƙa. Ƙarancin ɗalibansu yana ba da damar kusanci da malamai, amma sababbi ne, kuma kayan aiki da ɗakunan karatu da malaman dindindin ba su kai na Yamai ba.

Ban da jami'o'i akwai manyan makarantun sana'a: EMIG ta ma'adinai da masana'antu a Yamai, IFTIC ta aikin jarida da sadarwa, IPDR ta raya karkara a Kollo, da makarantun ma'aikatan lafiya na ENSP a Yamai da Damagaram. Da yawansu da jarrabawar gasa ake shiga, kuma sun fi kai mutum kai tsaye ga aiki takamaimai.

Darasin da wannan jeri ke bayarwa a fili yake. Kusancin Maraɗi alheri ne ga mai Bak na kimiyya. Mai rukunin A da ke son tarihi ko shari'a a jami'ar gwamnati kuwa, ya fi dacewa ya duba Damagaram, Tawa ko Yamai, maimakon ya cusa kansa a fannin da bai shirya masa ba don kawai yana kusa da gida.

Masu zaman kansu, ta Musulunci, da na ƙetare

A Maraɗi akwai jami'ar Maryam Abacha, wato MAAUN, wadda Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa a 2013. Da Ingilishi take koyarwa, kuma ta ja ɗalibai da yawa daga arewacin Najeriya. Akwai kuma Université Libre de Maradi, da cibiyoyi da dama na koyar da aikin lafiya, akanta da kwamfuta.

Ga wanda ya fito daga makarantun Faransanci da Larabci, akwai Jami'ar Musulunci ta Say. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce ta yanke shawarar kafa ta a taron Lahore na 1974, ta buɗe a 1986, kuma tana da harabar mata a Yamai. Tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama.

A ƙetaren iyaka, Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba. Tana da jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ta jiha, sai ta tarayya a Dutsin-Ma da aka buɗe a 2011. Gaba kaɗan akwai Bayero a Kano, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Ahmadu Bello a Zariya. Shiga waɗannan sai an bi ta hukumar JAMB, an kuma tantance takardun ɗalibi. Masu maki mai kyau kan nemi guraben tallafi na Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Masar da Saudiyya. Ashesi na ɗaukar ɗalibai marasa ƙarfi daga ƙasashen Afirka da tallafin gidauniyar Mastercard.

Ma'auni na farko: ingancin takardar shaida

Kafin a yi maganar kyawun gini ko sauƙin kuɗi, sai a tabbatar da cewa takardar da makaranta za ta bayar tana da daraja a idon hukuma. Makaranta mai zaman kanta a Nijar tana buƙatar izinin kafawa da na buɗewa daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma abin dubawa shi ne ko fannin da ɗalibi zai karanta yana cikin waɗanda aka amince mata da su. Makaranta na iya samun izini a kan akanta, ta buɗe sashen aikin jinya ba tare da an sahale mata ba. Hukumar ANAQ-Sup ce ke kula da ingancin karatu mai zurfi a ƙasar. A matakin yanki akwai CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta a Wagadugu. Digirin da CAMES ta amince da shi ya fi sauƙin tafiya da shi Senegal, Kodebuwa ko Burkina Faso don aiki ko ƙarin karatu. Ga masu BTS, akwai bambanci tsakanin takardar da makaranta ke bayarwa da kanta da ta jarrabawar ƙasa da gwamnati ke shiryawa.

Abin da ya faru a maƙwabta ya isa gargaɗi. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, matakin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Wanda zai karanta a Najeriya ya dawo Nijar neman aiki, shi ma sai takardarsa ta bi ta ofishin daidaita takardun shaida. Ya kamata a san wannan hanya tun kafin tafiya.

Ma'auni na biyu: malamai da girman aji

Sunan fanni a takardar talla bai isa shaida ba. Abin tambaya shi ne wa ke koyar da shi. Makarantu da yawa, musamman ƙanana da masu zaman kansu, suna dogara ne da malaman haya da ke zuwa daga wata jami'a, su haɗa darasin zango guda cikin mako ɗaya ko biyu, su koma. Ɗalibi na iya cin jarrabawa ta haka, amma ba shi da wanda zai koma wa in abu ya shige masa duhu, ko wanda zai duba kundin bincikensa da natsuwa. Yawan malaman dindindin a sashe, da matsayin da suka kai a ma'aunin CAMES, sun fi faɗin gaskiyar makaranta.

A manyan jami'o'i matsalar ta cunkoso ce. A shekarar farko ɗaruruwan ɗalibai kan taru a zauren lacca guda, na baya ba ya jin malami sosai, kuma da yawa kan faɗi ko su maimaita. Yaro mai ƙwazo da ya saba neman ilimi da kansa zai iya ratsawa, ya amfana da manyan malamai a shekarun gaba. Yaro mai kunya, wanda ya fito daga ƙaramar lise inda kowane malami ya san shi, yakan ɓace a irin wannan taro. Gare shi, aji mai mutum 40 a IUT ko a ƙaramar jami'a ya fi babban suna amfani.

A fannonin aikin hannu ana duba wurin gwaji. Mai karatun lafiya yana buƙatar asibitin da zai koyi aiki a gefen gadon marar lafiya. Mai karatun noma a Maraɗi ya yi sa'a: akwai cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, da filin noman rani na Jiratawa, da dajin Baban Rafi, da gonakin da aka fara sassaben zamani a cikinsu tun farkon shekarun 1980, dabarar raya itatuwa daga kututture da ta bazu daga jihar Maraɗi zuwa ƙasashe da dama. Makarantar da ke kai ɗalibanta waɗannan wurare ta fi wadda nomanta ya tsaya a kan allo.

Ma'auni na uku: kuɗi har zuwa ƙarshe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafa kuɗin shekarar farko kawai. Lissafin gaskiya ya haɗa rajista, haya, abinci, sufuri, kwafin darussa, waya da intanet, magani, da kuɗin kundin ƙarshe, a ninka su sau uku ko huɗu, a kuma ƙara shekara guda ta ko-ta-kwana. Gidan manomi yana samun kuɗi ne da kaka, makarantar kuɗi kuwa tana neman nata kashi-kashi a tsakiyar shekara, har da lokacin bazara da rumbu ya yi ƙasa. Yana da kyau a tambayi ranakun biya da abin da ke faruwa da wanda ya makara.

Rajista a jami'ar gwamnati ba ta da tsada in an kwatanta da ta masu zaman kansu. Hukumar ANAB ce ke ba da tallafin karatu bisa sharuɗɗan da suka haɗa da maki da shekarun haihuwa, akwai kuma ɗan agajin da ake ba waɗanda ba su samu ba. Cibiyoyin CROU ne ke kula da ɗakunan kwana, abinci da motocin ɗalibai, sai dai gadaje ba sa isa. Jinkirin biyan tallafi tsohuwar matsala ce da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta sha fitowa a kanta, don haka gidan da ya dogara da shi kaɗai yana cikin haɗari.

Ga mai tunanin Najeriya, faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa karatu a can ya yi sauƙi ga mai riƙe da sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Amma canji abu ne mai juyawa, bai kamata a gina shirin shekara huɗu a kan farashin yau ba.

Ma'auni na huɗu: harshe da kalanda

Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka, laccoci da jarrabawa a jami'o'in gwamnati da Faransanci ake yin su. Ɗalibin da zai shiga makarantar Ingilishi, a Maraɗi ko a Katsina, ya tambayi kansa ko Ingilishin lise zai ishe shi rubuta amsa mai shafi biyar. Jin Hausa zai sauƙaƙa masa zama a Kano, amma ba zai rubuta masa jarrabawa ba. Makarantar kirki tana da zangon share fage na harshe. Wanda ya jure ya riƙe Faransanci da Ingilishi da Hausa tare, ya samu babban jari a yankin da kasuwanci da Najeriya ne ginshiƙin arzikinsa.

Kalanda ma abin dubawa ce. Yajin aikin malamai da na ɗalibai, da ƙarancin ajujuwa, sun sha sa shekarun karatu su hau kan juna a jami'o'in Nijar, lisans na shekara 3 ya koma 4 ko 5. A Najeriya yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Iyakar Nijar da Najeriya ma takan rufe: ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Ga kuma matsalar ƴan bindiga a dazuzzukan da ke tsakanin Madarunfa da Jibiya. A nan makarantu masu zaman kansu na cikin gida suna da fifiko, domin galibi suna gama shekara a kan lokaci.

Ma'auni na biyar: masauki, tarbiyya da karatun mata

Inda ɗalibi zai kwana yana shafar abin da zai koya. Mai zuwa Maraɗi kullum daga Jiratawa ko Safo a kan kabu-kabu ya tsira daga haya, amma yana asarar lokacin ɗakin karatu da na bita tare da abokai, ga aikin gida da na gona da ba sa ƙarewa. Mai zama gidan dangi a Yamai ya samu mai sa masa ido, amma wani lokaci yakan zama ɗan aike. Ɗakin haya na mutum uku ko huɗu daga gari ɗaya yakan yi kyau in dukkansu masu himma ne.

Ga ƴa mace, wannan ma'auni ne ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Iyaye kan yarda ta ci gaba in sun san inda za ta kwana da wanda ke kula da wurin, in ba su sani ba sai a tsayar da karatun a yi maganar aure. Yankin na matuƙar buƙatar ungozomomi, likitoci mata da malamai mata, saboda haka makarantar da ke da amintaccen masaukin mata ta cancanci a fifita ta ko da wata ta fi ta suna. Aure kuma ba ya hana karatu in an yi sharaɗi tun farko, an kuma zaɓi makarantar da ke kusa da inda za ta zauna.

Ma'auni na shida: bayan an gama

Gwamnati ba ta iya ɗaukar duk masu digiri. Bayan aikin bautar ƙasa, da yawa kan koma koyarwa a kan kwantiragi, ko ƙungiyoyin agaji, ko kasuwanci. Hanyar gane makaranta ita ce a bi sawun waɗanda suka fita daga sashen shekara uku ko biyar da suka wuce: ina suke, me suke yi, nawa ne suka ci jarrabawar ɗaukar aiki, nawa suka samu gurbin masta. A nan ne faɗin tushe ke nuna amfaninsa. Wanda ya iya rubuta rahoto mai tsabta, ya iya lissafin kasafi, ya iya kwamfuta, ya iya tsayawa gaban manoma ya yi bayani da Hausa sannan ya rubuta shi da Faransanci, zai samu abin yi ko da aikin da ya karanta bai samu ba.

Yadda ake yanke shawara

Binciken ya kamata ya fara tun kafin a zauna Bak, ba bayan fitowar sakamako ba, lokacin da wa'adin ajiye takardu ke ƙurewa. Ɗalibi ya tattauna da malaman lise da suka san ƙarfinsa a darussa, ya rubuta makarantu uku: wadda yake buri, wadda yake da yaƙinin samu, da wadda zai koma wa in kuɗi ko maki suka gaza. Ya tanadi takardar haihuwa, ta shaidar zama ɗan ƙasa, da sakamakon ajujuwan lise tun da wuri.

Gani ya kori ji. Makarantun Maraɗi ana iya zuwa a dawo a wuni guda, kuma ziyara ranar karatu ta fi ta ranar biki. A nemi ganin takardar izini, a leƙa aji a ƙirga kujeru da mutane, a shiga ɗakin gwaji da na littattafai, a duba ruwa da wuta a masauki. A zanta da ɗaliban shekara ta biyu da ta uku ba a gaban jami'an makaranta ba. Ga makarantun nesa, ɗaliban yankin da ke karatu a can, waɗanda kan dawo gida hutu, su ne mafi ingancin majiya.

A al'adar yankin, uba da kawu da yayan da ke biyan kuɗi duk suna da ta cewa, kuma hakan daidai ne tun da su ke ɗaukar nauyi. Amma yaron ne zai zauna a aji, kuma wanda aka tilasta wa likitanci alhali hankalinsa na wajen injina ba kasafai yake kai wa ƙarshe ba. Shawarar da ta fi ɗorewa ita ce wadda manya suka faɗi iyakar abin da za su iya biya, malamai suka faɗi gaskiyar ƙarfin ɗalibi, shi kuma ya faɗi abin da yake so ya zama. In makaranta ta cika sharuɗɗan nan, takardarta karɓaɓɓiya ce, malamanta na nan, gida zai iya biya har ƙarshe, kuma ɗalibi zai zauna lafiya ya yi karatu, to ita ce ta dace da shi, ƙarama ce ko babba.